A Buɗe Makaranta Ko A Rufe Ta Idan Annoba Ta Zo?



A zangon karatun da ya wuce, Ƙungiyar Muhawara ta makarantarmu ta shirya wata muhawara wadda har yau ba a daina zancenta a ɗakunan kwana ba. Batun da aka ɗora mu a kai shi ne: idan annoba ta ɓarke a ƙasa, shin ya kamata makarantun gwamnati su buɗe a ci gaba da karatu a cikin aji, ko kuwa a rufe su sai ta wuce? Da aka jefa ƙuri'a sai na faɗa cikin masu cewa a rufe. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, domin zuciyata tana tare da masu cewa a buɗe. Na tafi wurin Malamin Hausa, wanda shi ne uban ƙungiyar, na rusuna na ce, "Malam, ina roƙon a sauya mini ɓangare." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai yaro, wanda bai san hujjar abokin gardamarsa ba, tasa ma bai gama saninta ba. Tashi ka je ka yi bincike."

Na yi mako biyu ina binciken, a laburare da wurin malamai. Bayan an gama muhawarar, Malam ya umurce ni in rubuta abin da na koya domin waɗanda ba su halarta ba su amfana. To, ga shi nan. In an ga kuskure a gyara mini, gama ɗan koyo ne ni.

Abin Da Ya Faru A 2020

Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin babu ɗaya daga cikinmu da bai ga annoba da idonsa ba. A ƙarshen shekarar 2019 aka fara jin labarin wata sabuwar cutar numfashi a birnin Wuhan na ƙasar Sin, wadda likitoci suka sa wa suna COVID-19, mu kuwa muka riƙa ce mata korona. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, wani mutumin Italiya da ya sauka a birnin Ikko. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. Ba a yi kwana goma ba gwamnonin Arewa maso Yamma suka yanke shawarar rufe makarantu na kwana 30, daga ran Litinin 23 ga Maris, Gwamnatin Tarayya ita ma ta ba da umurnin a sallami ɗalibai. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu na shekarar ɗalibai wajen miliyan 1,600 ne aka rufe wa makarantu a ƙasashe fiye da 190.

A lokacin ina da shekara 11, ina aji biyar na firamare a birnin Kano. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da hedimasta ya tara mu ya ce kowa ya tafi gida, ihun murna muka yi. Mun zaci hutun wata guda ne ya faɗo mana, ashe ba mu san dawan garin ba. Ran 11 ga Afrilu aka sami mai cutar na farko a Kano, aka sa dokar kulle, azumi ya same mu a cikinta. Kwana 30 suka wuce ƙofar makaranta tana garƙame. Aka yi ƙaramar Salla, aka yi babba, tana nan yadda take.

Ita wannan muhawara da muka yi a zauren taro, manyan ƙasa sun riga mu yin ta. A farkon watan Yuli aka ba da sanarwa cewa za a yi jarrabawar WAEC a watan Agusta. Kwana biyu bayan haka, ran 8 ga Yuli, Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya fito ya ce makarantun Gwamnatin Tarayya ba za su buɗe don jarrabawar ba, gara ɗalibai su yi asarar shekara guda da a jefa su cikin haɗari. Nan fa gardama ta kaure tsakanin iyaye, da malamai, da 'yan majalisa, da gwamnatocin jihohi. Daga bisani aka daidaita: 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka soma komawa daga 4 ga Agusta, aka fara jarrabawar ran 17 ga watan. Mu sauran kuwa sai 12 ga Oktoba aka buɗe mana, kuma ko a sa'an nan an kasa mana ranakun zuwa. Wanda ya ƙirga daga 23 ga Maris zuwa 12 ga Oktoba zai sami kwana 203, watau mako 29 cif. Ko an ɗebe hutun da aka saba yi a tsakani, zango guda cur da ɗoriya ya salwanta. Allurar rigakafi kuwa ba ta iso Nijeriya ba sai ran 2 ga Maris, 2021, kuma sai ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar.

Yadda Cuta Take Yaɗuwa

Kafin mutum ya ce a buɗe ko a rufe, wajibi ne ya san yadda cutar take tafiya. Malamin Bayoloji ya yi mini bayani kamar haka. Ƙwayar korona tana fita daga jikin mai ɗauke da ita ta hanci da baki, sa'ad da yake tari, ko atishawa, ko magana, ko ma numfashi kurum. Manyan ɗigon yawu suna faɗuwa nan kusa, amma ƙananan da ido ba ya gani suna iya daɗewa suna shawagi cikin ɗakin da iska ba ta ratsa shi, kamar yadda hayaƙin itace yake cika ɗakin girki in ba taga. Mutum yana iya ɗaukar cutar ya yi kwanaki, har zuwa 14, kafin alamarta ta bayyana. Wani ma ba za ta bayyana ba sam, alhali kuwa yana shafa wa wasu.

Ga wani lissafi mai sauƙi da ko ɗan aji ɗaya zai iya yi. Mu ƙaddara kowane mai cuta yana shafa wa mutum 2 cikin kwana 5. Daga mutum 1 za a sami 2, sa'an nan 4, sa'an nan 8, 16, 32, haka haka. A zagaye na goma, watau bayan kwana 50, sababbin kamu za su kai 1,024. Amma in aka yi dabara har ya zama masu cuta 10 ba sa shafa wa fiye da mutum 8, to a kowane zagaye adadin raguwa zai yi, har cutar ta mutu don kanta. Dukan abubuwan da aka sa mu yi, da sa takunkumi, da wanke hannu, da ba da tazara, da rufe wuraren taruwa, manufarsu ɗaya ce, a rage wannan adadi. Abubuwa uku ne kuwa suke ɗaga shi: yawan mutane a wuri guda, da daɗewarsu tare, da rashin iska. Duk wanda ya san aji ya san ukun nan sukan haɗu a cikinsa.

Sai dai kowace annoba da halinta. Korona ta fi yi wa tsofaffi illa, da masu ciwon sukari ko hawan jini. Yawancin yaran da suka kamu ba su sha wuya sosai ba. Murar 1918, wadda tsofaffinmu suke kira Marisuwa, ta kashe majiya ƙarfi da yawa. Mashaƙon da ya addabi Kano da wasu jihohi a 2023 yara ya fi kamawa, musamman waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Ebola kuwa, wadda ta shigo Ikko a watan Yuli, 2014, ba ta iska take bi ba, sai an taɓa jini ko wani ruwan jikin mai ita. Mutum 20 ta kama a Nijeriya, ta kashe 8, kuma a wannan shekarar ɗage komawa makaranta kawai aka yi na ɗan lokaci. Saboda haka tambayoyin farko su ne: wace irin cuta ce, ta ina take bi, kuma wa ta fi kamawa?

Hujjar Masu Cewa A Rufe

Ga abin da na tsaya na faɗa a gaban alƙalai. Na farko, na ce karatu ana rama shi, rai kuwa ba a rama shi. Ɗalibin da ya yi asarar zango zai iya zama ya biya, amma uwar da ta rasa ɗa babu mai biyan ta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, balle cutar da a watannin farko ba ta da magani ba ta da allura.

Na biyu, cunkoso. Na ari tef ɗin awo daga wurin kafintan makaranta, ni da abokina muka auna ajinmu. Tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7, watau murabba'in mita 63. Ƙa'idar da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta fitar a watan Yuli, 2020, ta ce a bar tazarar mita 2 tsakanin ɗalibi da ɗalibi. In haka ne kowa yana bukatar murabba'in mita 4, ke nan ajin ba zai ɗauki fiye da mutum 15 ba, ban ma ware wa malami da allo wuri ba. Mu kuwa 58 ne a ciki. Ina za a kai sauran 43? A ɗakin kwananmu ma gadaje ne masu hawa biyu a jere, in ka miƙa hannu sai ka taɓa maƙwabcinka.

Na uku, ba yara kaɗai ne a makaranta ba. Akwai malamai masu shekaru, da masu dafa abinci, da masu gadi, ɗan makarantar je-ka-ka-dawo kuma kullum yana komawa gidan da akwai kaka. Da na zo nan sai muryata ta soma rawa, domin kakana, mahaifin babana, ya rasu a ƙarshen watan Afrilu, 2020, bayan 'yan kwanaki yana fama da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Allah ya jiƙansa. Ba a gwada shi ba, Allah ne masanin abin da ya yi ajalinsa. Amma a makonnin nan dattawa da yawa sun rasu a Kano, har Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an binciki mutuwar mutum 979, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Ni ne nake kai wa kakana abincin dare, ni nake zuba masa ruwan alwala. Na ce wa alƙalai, da a ce ina zuwa aji a kwanakin nan, da har abada ba zan daina tambayar kaina ba ko ni na kawo masa ita.

Na huɗu, na kawo misalin wata sakandare a birnin Ƙudus. An buɗe ta a watan Mayu, 2020, da azuzuwa masu ɗalibai fiye da 30 kowanne. Sai aka yi zafi mai tsanani, aka yafe wa ɗalibai sa takunkumi na 'yan kwanaki, aka dogara da na'urar sanyaya ɗaki. Ba a yi mako biyu ba cutar ta ɓarke, da aka gwada sai aka sami ɗalibai 153 da ma'aikata 25 sun kamu. Na ce in haka ta faru a inda ake da asibitoci da kayan gwaji a wadace, ina ga mu da ɗakin shan maganinmu gado huɗu ne?

Hujjar Masu Cewa A Buɗe

Sa'an nan jagoran ɗaya ɓangaren, wani ɗan Aji Biyar, ya miƙe. Bai musa lissafina ba. Sai ya juya wajen masu sauraro ya ce, "'Yan'uwa, duk wanda ya zauna cikin gida bai fita ba a wata shidan nan, ya ɗaga hannu." Zaure ya yi tsit, sa'an nan aka fashe da dariya. Ni ma ban ɗaga ba, domin na san inda na yi kwanakin: filin ƙwallo, da layin ɗiban ruwa, da aiken kasuwa a ranakun da aka sassauta kulle. Ya ce rufe makaranta ba ya tsare ɗan talaka a gida, sai dai ya fitar da shi daga cunkoson da malami yake lura da shi ya kai shi cunkoson da ba mai lura. Gidan da mutum 20 suke kwana a ɗaki huɗu, ina tazarar mita 2 a cikinsa?

Hujjarsa ta biyu ita ce karatun gida bai wadatar ba. Gaskiya ne gwamnatocin jihohi sun sa darussa a rediyo da talabijin, wasu makarantun kuɗi kuma sun koma koyarwa ta intanet. Amma rediyo ba ya duba littafinka, ba ya jin tambayarka. Talabijin sai da wuta, intanet kuwa sai da babbar waya da kuɗin data. A gidanmu rediyo ɗaya ne, na Baba, shi kuwa labaran annobar yake saurare da shi. Ɗan mai hali ya ci gaba, ɗan talaka ya tsaya, ko ma ya ci baya. Ni da kaina da muka koma sai da aka sake koya mini lissafin rabawa wanda na riga na iya a watan Maris.

Ta uku ita ce ta fi taɓa ni, domin na san wanda abin ya faɗa wa. Ba duk wanda aka sallama yake dawowa ba. Ina da aboki da muke zama benci ɗaya, wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ko na biyu a lissafi ba. Kulle ya karya jarin mahaifinsa, mai sayar da takalma a kasuwa, sai aka kai shi garejin gyaran babur don ya riƙa samo na cefane. Kafin a buɗe makaranta ya riga ya saba da 'yan kuɗin da yake kawowa, gidan ma ya saba da su. Har yau yana garejin. In na je hutu nakan biya mu gaisa, yakan tambaye ni, "Wane irin lissafi kuke yi yanzu?" Sana'a ba abin kunya ba ce, amma ba shi ya zaɓa ba, kuma mahaifinsa ma ba haka ya so ba. A unguwarmu akwai 'yan mata da aka aurar a wannan tsakanin, waɗanda da makaranta tana buɗe da watakila an jira su gama. Ga shi kuwa tun kafin annobar hukumar UNICEF tana cewa yara wajen miliyan 10 da rabi ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. An ga irin wannan a Saliyo, inda Ebola ta sa aka rufe makarantu na wajen wata tara tsakanin 2014 da 2015, 'yan mata da yawa ba su koma ba.

Ya rufe da wata tambaya da na kasa amsawa. Ya ce an buɗe kasuwanni, an janye hana zirga-zirga tsakanin jihohi ran 1 ga Yuli, jiragen sama na cikin gida sun ci gaba da tashi a cikin watan, har zaɓen gwamna an yi a Jihar Edo ran 19 ga Satumba, duk kafin a buɗe mana aji. "Shin," in ji shi, "ƙwayar cutar tsoron kasuwa da taron siyasa take yi, aji kaɗai take so?"

Abin Da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Da na duba abin da wasu ƙasashe suka yi, sai na ga ashe akwai hanyoyi da yawa tsakanin buɗewa da rufewa. Ƙasar Denmak ta rufe kamar kowa, amma ran 15 ga Afrilu, 2020, ta mai da ƙananan yara makaranta. Ta kasa su ƙananan rukunoni, ana yawaita karatu a waje, ana wanke hannu a kai a kai, kuma ba a ga cutar ta ƙaru saboda haka ba. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta buɗe nata makarantun ran 1 ga Yuni. Yuganda kuwa sai a watan Janairu, 2022, ta buɗe gaba ɗaya, bayan kusan shekara biyu. In aka gwada Denmak da makarantar nan ta birnin Ƙudus, dukansu sun buɗe, amma ɗaya ta rage cunkoso ta ba iska hanya, ɗaya ba ta yi ba. Wannan ya nuna yadda aka buɗe yana da muhimmanci kamar ranar da aka buɗe.

Batun Makarantar Kwana

Mu 'yan makarantar kwana namu batun daban ne, gaba kura baya siyaki. In cuta ba ta shigo ba, makarantar kwana ta fi cikin gari aminci, domin tana da katanga da ƙofa guda, ana iya sanin mai shiga da mai fita, ga abinci sau uku. In kuwa ta shigo, ɗakin kwana da ɗakin cin abinci za su yaɗa ta kamar wutar daji. Sa'an nan in aka sallame mu bayan ta shigo, kowa zai hau mota ya kai ta garinsu. An ga haɗarin irin wannan a 2020, sa'ad da gwamnonin Arewa suka riƙa mai da almajirai jihohinsu na asali. Da aka gwada su a Kaduna da Jigawa an sami da dama suna ɗauke da cutar. Malamin Addini ya tuna mini cewa koyarwar Musulunci ita ce ba a shiga garin da annoba take, wanda yake ciki kuma ba ya fita don gudunta, kuma Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Darasin da ke ciki ga makarantar kwana shi ne, in za a sallami ɗalibai a sallame su da wuri, tun cuta ba ta shigo ba. In ta riga ta shigo, a ware marasa lafiya a kula da su, kada a watsa kowa cikin gari ba tare da an duba shi ba.

Inda Na Tsaya

Alƙalai sun ba ɓangarenmu nasara da maki kaɗan, aka yi ta tafi. Amma a nan ba maki nake nema ba, saboda haka ga abin da na gamsu da shi.

In sabuwar cuta ta zo ba a san halinta ba, rufe makarantu na 'yan makonni daidai ne. Ban ga laifin waɗanda suka yi haka a watan Maris, 2020, ba, gama mu da muke magana bayan shekara biyar mun san abin da su ba su sani ba. Amma rufewar ta zama ta samun sararin shiri ce, mai wa'adi, kuma makaranta ta zama ita ce ta ƙarshen rufewa, ta farkon buɗewa, kafin filin wasa da taron biki da na siyasa. Dalilina shi ne, asarar rufewa a kan ɗan talaka take faɗawa, kuma ba a ganin ta nan take. Masu cuta kullum ana ƙirga su a rediyo, yaran da suka bar karatu kuwa ba mai ƙirga su, sai bayan shekaru a gan su a gareji da bakin titi.

Ita buɗewar kuma tana da sharuɗɗa biyar:

1. Ruwa da sabulu a ƙofar kowane aji, da ɗakin cin abinci, da makewayi. Ko famfo bai zo ba, bokiti mai murfi da kan famfo ya isa.

2. Iska. Kowace taga ta zama tana buɗuwa, kuma a yi karatu a waje in hali ya yi. Karatu a gindin bishiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

3. Rage cunkoso. Mu 58 ɗin nan in aka kasa mu huɗu, kashi biyu da safe, biyu da yamma, ɗaya a cikin aji ɗaya a gindin darbejiya, babu kashin da zai wuce mutum 15. Wannan yana bukatar ƙarin malamai, kuma lalle a san inda za a samo su tun da wuri.

4. Ɗakin shan magani mai ma'aikacin jinya, da wani ɗaki dabam na ware mai zazzaɓi ko tari. A duba katin rigakafin kowane sabon ɗalibi. Malamai masu shekaru ko masu rashin lafiya a sauwaƙe musu shiga aji sai cutar ta lafa.

5. Bin sawu. Ranar da aka koma a ɗauki rajista, duk wanda bai dawo ba a je gidansu, da taimakon mai unguwa da Ƙungiyar Iyaye da Malamai, a ji abin da ya hana shi. Da an yi haka a 2020, watakila da abokina yana cikin masu karanta wannan mujalla.

Babu ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da za a iya yi a ranar da annoba ta sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Ranar da muke auna ajinmu na lura cewa a cikin tagogi shida, biyu an buge su da falanki tun wani hunturu, har mun manta da cewa tagogi ne. Muka kai maganar wurin Firinsifal, ya sa kafinta ya gyara su cikin mako guda, muna godiya. Saura famfon bayan ɗakin kwana da ƙarin gadaje a ɗakin shan magani, waɗannan kuwa sun fi ƙarfin kafinta.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu da tsofaffin ɗalibai, in kun zo ranar ziyara, bayan kun duba sakamakon jarrabawarmu, ku leƙa ku duba tagar aji, da famfo, da ɗakin shan magani, ku kuma tayar da maganar a taron iyaye da malamai. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, kowa ya tuna wanda suke zama benci ɗaya a watan Maris, 2020, ya tambayi kansa ina yake yanzu. Ni dai na yi wa nawa alkawarin in na zo hutu zan kai masa littattafan lissafina na aji ɗaya zuwa uku, mu riƙa dubawa bayan sallar isha'i in ya tashi daga aiki.

Allah ya kiyaye mu daga annoba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Wassalam.

Daga wani ɗan Aji Huɗu,
Ƙungiyar Muhawara.